Saurin warkewar baki, da sankarar da ke fakewa a bayansa

Duk wanda ya taɓa kurɓar shayi da gaggawa ya ƙone ganɗa, ko ya ciji harshe yana tsakar cin nama, ya san abu ɗaya game da baki ko da bai taɓa zama ajin kimiyya ba: wurin yana warkewa da wuri. Kwana uku, huɗu, an manta. Rauni mai girman wannan a ƙwauri sai ya yi makonni yana ɓawo, ƙarshe ya bar tabo. Akwai yawan jijiyoyin jini a baki, akwai yawu da ke jiƙa shi dare da rana, amma babban dalili shi ne fatar cikin baki ba ta daina sabunta kanta. Wadda ke kumatunka yau ba ita ce ta watan jiya ba.

Sai dai inda alherin yake, nan haɗarin ya kwanta. Sabuntawar nan ba komai ba ce illa rabuwar ƙwayoyin halitta, ɗaya ta zama biyu. Sankara kuwa, wadda aka fi sani da ciwon daji, rabuwa ce da ta ƙi jin a tsaya. Saboda haka masu bincike suka daɗe suna tambaya: shin yawan rabuwar ne da kansa yake haifar da sankarar baki? Tambayar ba ta ɗakin karatu kaɗai ba ce. Ƙiyasin shekarar 2022 ya nuna mutane kusan 390,000 ne suka kamu da sankarar leɓe da cikin baki a duniya, kusan 188,000 kuma suka rasu. In saurin rabuwa ne mai laifi, to mutum ba shi da abin yi sai jira. In kuwa da hannun wani abu a ciki, gara a san shi.

Fatar da ta lulluɓe cikin baki siririya ce ƙwarai. A kumatu kaurinta wajen rabin milimita ne, a ƙarƙashin harshe ma bai kai rabin haka ba. Amma a cikin wannan ɗan kauri ƙwayoyin jere suke hawa bisa hawa. A hawan ƙasa, daf da naman da jini ke gudana, ake haifar sababbi. Kowace sabuwa tana tura ta samanta, ita ma ana tura ta, tana hawa tana bajewa, har ta isa sama ta saki ta bi yawu. Tafiyar nan daga ƙasa zuwa sama ita ake aunawa in ana maganar saurin sabuntawa. A kumatu takan ɗauki mako biyu zuwa uku da ɗoriya. A ganɗa da dasashi, inda fatar ta yi tauri saboda ita ke shan gugar tauna, tafiyar ta fi jinkiri, a dasashi har takan wuce wata guda. Fatar jiki ta fi su duka jinkiri, hanji kuma ya fi su duka gaggawa, don shi ba ya cika mako ya sake sabuwar shimfiɗa. Alƙaluman suna ɗan bambanta gwargwadon hanyar da aka bi aka auna, amma jerin ba ya sauyawa: wurare masu taushi a baki sun fi masu tauri saurin juyawa.

Kafin ƙwaya ta rabu, dole ta kwafe DNA ɗinta kaf, wato rubutun gadon da ke tsara aikinta, haruffa wajen biliyan 6, cikin 'yan sa'o'i. Mutanen Sakkwato ba baƙin wannan sana'a ba ne. Rubuce-rubucen malaman jihadi da ke gidajen malamai da ma'adanar tarihi ta Waziri Junaidu da hannu aka yi ta kwafe su, wannan daga wancan. Mai kwafi komai ƙwarewarsa wata rana sai ya tsallake ɗigo ko ya maimaita kalma, shi ya sa ake yin muƙabala, a ajiye sabon kwafi kusa da na asali a bi layi-layi. Kuskuren da ya kuɓuce wa muƙabala shi ne matsala, domin ga wanda zai kwafa daga baya, wannan kuskure ya zama asali. Ƙwaya tana da nata masu muƙabalar, kuma sun fi kowane ɗan'adam ido, amma duk da haka ana ƙiyasta kurakurai kamar uku ke tsira a kowace rabuwa. Mafi yawansu suna faɗawa inda ba su sauya ma'anar komai.

Wanda ake tsoro shi ne wanda ya faɗa kan sassan da ke riƙe da ragamar rabuwar kanta. Mafi shahara a cikinsu shi ne p53, wanda aka gano a 1979. Aikinsa in ya ga ɓarna a DNA ya dakatar da rabuwa har a gyara, in ɓarnar ta fi ƙarfin gyara ya sa ƙwayar ta kashe kanta. A mafi rinjayen sankarar baki mai nasaba da taba, ana tarar da p53 ya lalace. Akwai p16, shi ma mai tsayarwa ne, kuma yakan riga p53 faɗuwa. A 1996 Joseph Califano da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka nuna yadda ɓarnar ke taruwa mataki-mataki, daga fata mai kamar lafiyayya, zuwa tabon da ya fara sauya kama, zuwa sankara sosai. Kuskure ɗaya ba ya isa. Sai da yawa sun haɗu a zuriyar ƙwaya guda, kuma wannan aikin shekaru ne. Shi ya sa mafi yawan masu sankarar baki sun haura 40, da dama ma sun haura 50.

A nan ne lissafin "yawan rabuwa, yawan haɗari" ya fara samun tasgaro. Ba kowace ƙwaya mai rabuwa ce ke zama ba. Galibin masu yawan rabuwar 'yan wucin gadi ne: su rabu sau kaɗan, su hau, su faɗi, kuma duk kuskuren da suka ɗauko ya tafi da su a yawu. Masu zama su ne iyayen ƙwayoyi, 'yan kaɗan da ke hawan ƙasa, waɗanda ke tare da mutum tsawon rayuwarsa. Tun 1975 wani masanin kimiyya, John Cairns, ya kawo ra'ayin cewa wannan tsari kariya ce, zubarwar da ake yi kullum tana fitar da ɓatattu kafin su kafu. Ƙaramin hanji shaida ne, don shimfiɗarsa ta fi ta baki saurin juyawa nesa, amma ba kasafai yake yin sankara ba. Abin ƙirgawa ke nan shi ne sau nawa iyayen suka rabu a rayuwar mutum, da kuma halin da DNA ɗinsu yake ciki a lokacin da suka rabu.

Kashin farko na wannan magana shi wasu masu bincike biyu, Cristian Tomasetti da Bert Vogelstein, suka bi a farkon 2015. Sun tattara nau'o'in sankara 31, suka auna haɗarin kamuwa da kowace a tsawon rayuwa da adadin rabuwar iyayen ƙwayoyi a sashen jikin da take fitowa. Alaƙar ta fito da ƙarfi: wajen kashi biyu cikin uku na bambancin da ke tsakanin sassan jiki ana iya danganta shi da yawan rabuwa. Wannan ya fayyace dalilin da ya sa babban hanji ke yawan yin sankara, ƙashi kuwa jefi-jefi. Amma kafofin labarai suka juya zancen, suka ce kashi biyu cikin uku na masu sankara rashin sa'a ce kawai ta same su. Ba haka binciken ya ce ba. Sashen jiki ya kwatanta da sashen jiki, bai kwatanta mutum da mutum ba. Hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, da ke Liyon a Faransa, ba ta bari watan ya ƙare ba sai da ta mayar da martani, tana nuna cewa sankara iri guda kan yi yawa a wata ƙasa ta yi ƙaranci a wata, kuma takan ƙaru ko ta ragu a al'umma guda cikin 'yan shekaru.

A wurinmu muhawarar tana da wani nauyi na daban. Mutumin da aka ce wa "sa'a ce" zai ji "ƙaddara ce", ya ce an riga an rubuta, ya ci gaba da tabarsa. Imani da ƙaddara bai taɓa hana riƙon sababi ba, malamai sun gama wannan magana tuntuni. Abin da ya rage shi ne a faɗi sababin daidai.

Baki ma ya fi ko'ina nuna cewa saurin rabuwa ba shi kaɗai ke da ta cewa ba. Kumatun Ba'indiye da na Bature da na Bahaushe halitta guda ce, amma Indiya kaɗai tana ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin uku na masu sankarar baki a duniya. Ko a cikin bakin mutum guda, a dubi inda take fitowa. A Turai da Amurka ta fi kama gefen harshe da ƙarƙashinsa da kwarin da yake kwanciya a ciki, fata mai taushi, siririya, mai saurin juyawa, kuma inda yawu ke taruwa da duk abin da ya narke a cikinsa. Saman harshe da ganɗa ba ta cika kama su ba. Har nan lissafin sauri ya ci. To amma a Indiya kumatu take kamawa, daidai inda ake cusa ƙullin ganye da taba da ƙwallon areka, wanda ake taunawa kamar goro. A wasu ƙauyukan gaɓar teku na jihar Andhra Pradesh, inda ake shan taba a juye, kan wutar a cikin baki, sai sankarar ta koma ganɗa, wurin da yake cikin mafi tauri da jinkiri. A Sudan, inda ake sa tumbak, wato garin tabarsu, tsakanin leɓen ƙasa da dasashi, a nan take tsirowa. Ciwon yana bin sawun abin da aka ajiye ne.

Yadda saurin da ɓarnar ke haɗuwa shi ne ƙashin bayan zancen. Taba na ɗauke da sinadarai, musamman dangin naitirosamin, da ke mannewa jikin DNA su gurɓata harafi. In ƙwayar tana hutawa, masu gyara na da lokacin cire gurɓataccen su mayar da daidai. In kuwa rabuwa ta riske ta kafin a gyara, za a kwafe gurɓataccen a matsayin wani harafi dabam, daga nan kuma babu mai sake gane cewa kuskure ne. Rabuwa ba ita ta ƙirƙiro ɓarnar ba, amma ita ta tabbatar da ita. Ga shi kuma tabar nan tana cin fatar, fatar ta ƙara saurin rabuwa don ta cike gurbi. Ta ƙara ɓarna ke nan, ta kuma rage lokacin gyara. Giya tana yin nata: tana sassauta fatar sinadaran taba su ratsa, bakteriyar da ke zaune a baki kuma suna mayar da ita asetaldehaid, wanda shi ma ke ɓata DNA. Wanda ya haɗa biyun da yawa, haɗarinsa ba tarawa ake yi ba, ninkawa ake yi. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1988 ya same shi ya haura ninki 30. Hujja ta ɗaya ɓangaren tana wurin masu wata cutar gado da ba ta da yawa, wadda ake kira Fankoni, da aka haifa da raunin gyaran DNA. Da yawansu ba su taɓa shan taba ba, amma haɗarin sankarar baki a wurinsu ya ninka sau ɗaruruwa, kuma tana kama su tun suna matasa.

In aka dawo gida, sigari da shisha kowa na ganinsu. Wanda ba a cika lissafawa ba shi ne garin taba, wanda dattawa maza da mata a karkara ke dandaƙawa da kanwa su ɗura tsakanin leɓe da dasashi, wani ya wuni da shi, wai yana maganin ciwon haƙori. Kanwar tana sa nikotin ya shiga jini da sauri, shi ya sa barinsa ke da wuya. Haɗin tumbak na Sudan ma ke nan, taba da wani nau'in kanwa, kuma da aka auna shi an tarar naitirosamin ɗinsa ya fi na tabar leɓen Suwidin nesa ba kusa ba. Ba wai sigari ya fi sauƙi ba ne, shi ɓarnarsa bazuwa take yi daga leɓe har huhu. Garin taba kuwa zaune yake a lungu guda, kullum lungun, shekara da shekaru. Ita kuwa giya, a garin da shari'a ta hana ta, mai sha ba ya faɗa ko likita ya tambaya. Ɓoyewar ba ta amfane shi da komai, don likita ba alƙali ba ne, so yake ya san inda zai duba.

Goro fa? Ƙwallon areka na Asiya, wanda IARC ta tabbatar yana jawo sankara ko ba a haɗa shi da taba ba, itacensa dangin dabino da kwakwa ne, bai haɗa komai da goronmu ba, kuma goro ba ya cikin jerin abubuwan da hukumar ta tabbatar. Matsalarsa ita ce abokin tafiyarsa sau da yawa taba ce, sannan jan da yake bari a baki yana iya rufe tabon da ya kamata a gani.

Sauran masu hannu a ciki ba su kai taba ba, amma suna nan. Rana tana dukan leɓen ƙasa, kuma zabiya, da ba su da kariyar baƙar fata, su ne ranar Sakkwato ta fi yi wa illa. Karyayyen haƙori mai kaifi da ke gugar gefen harshe wata da watanni yana tilasta wa wurin rabuwa ba hutu; masana na jayayya ko shi kaɗai ya isa, amma ni ban ga dalilin jiran ƙarshen jayayyar ba, tunda goge kaifin aikin 'yan mintoci ne a wurin likitan haƙori. Ƙwayar cutar HPV kuwa, wadda aka fara yi wa 'yan mata rigakafinta a Najeriya a Oktoban 2023, tana kashe aikin p53 kai tsaye, sai dai ta fi kama can cikin maƙogwaro da gindin harshe.

A 1953 wani likitan tiyata a Shikago, Danely Slaughter, ya bi diddigin naman da aka cire daga marasa lafiya 783 masu sankarar baki. Ya tarar fatar da ke kewaye da ciwon, wadda ido ke gani lafiya lau, ita ma ta sauya, kuma wajen mutum ɗaya cikin goma yana da ciwo fiye da ɗaya, kowanne da asalinsa. Abin da aka fahimta daga baya shi ne uwar ƙwaya guda da kuskure ya ba ta fifiko tana iya ture maƙwabtanta a hankali, zuriyarta ta shimfiɗu faɗin santimita da dama ba tare da wata alama ba. Shi ya sa wanda aka yi wa tiyata lafiya ya koma wa tabarsa yake iya dawowa da sabon ciwo kusa da tsohon. Wanda ya bari kuwa, haɗarinsa kan fara sauka a 'yan shekarun farko, bayan kamar shekara 20 ya kusa daidaita da na wanda bai taɓa sha ba.

Fatar da ke sabunta kanta haka tana buƙatar abinci, shi ya sa ƙarancin jini kan fara tona kansa a baki, harshe ya yi sumul, gefen baki ya tsage. A yaran da yunwa da ƙyanda suka kayar, dasashi kan kasa cike gurbi, ƙwayoyin cuta su kutsa, nama ya ruɓe cikin kwanaki. Wannan ita ce noma, wadda aka buɗe wa asibiti na musamman a Sakkwato tun 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamban 2023. Mutane da yawa suna ɗaukar ta daji, alhali hanyarsu ba ɗaya ba ce. A noma sabuntawa ce ta gaza, a yaro ƙarami, kuma maganin ƙwayoyin cuta da abinci suna tsayar da ita in an zo da wuri. A sankara sabuntawa ce ta ƙetare iyaka, galibi a babba, kuma waɗannan magunguna ba sa yi mata komai.

Babban abin da talaka zai ɗauka daga duk wannan lissafi shi ne wa'adi. Tunda fatar baki na juyawa cikin mako biyu zuwa uku, mikin da cizo ko zafi ko ƙurji ya jawo ya kamata ya rufe kafin wa'adin ya cika. Wanda ya wuce mako uku yana nan, musamman mai taurin gefe, ya daina bin dokar sauran fatar ke nan. Haka farin tabon da ba ya kankaruwa, da ja mai laushi, wanda ya fi farin haɗari nesa, da haƙorin da ya fara girgiɗi ba dalili, da kaluluwa mai tauri a wuya da ba ta ciwo. Rashin ciwon nan shi ke yaudara. "Baba, tun yaushe abin nan yake?" "Tun kafin azumi, likita. Ai ba shi ciwo." Kafin a kai ga wannan tambaya an bi ta kemis an sha ƙwayoyi kala-kala, an shafa shuɗin magani, an je wurin mai magani ya ce daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe.

Maganar ƙarfen nan tana da asali, amma ba wanda ake zato ba. Ana zuwa asibiti a makare, ciwon da ya riga ya bazu ya ci gaba da tafiyarsa bayan an taɓa shi, sai a ɗora wa wuƙar laifi. Ɗan naman da ake yanka don gwaji, wanda bai fi ƙwayar wake ba, shi kaɗai ke raba gardama, kuma ba sai an bar Sakkwato ba, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen gwajin nama. Mai duba nama ba yawan rabuwa kaɗai yake ƙirgawa ba, don mikin da ke warkewa ma ƙwayoyinsa na rabuwa da sauri. Inda rabuwar take yake dubawa. Akwai wani furotin, Ki-67, da aka gano a Kiel ta Jamus a 1983, wanda ke bayyana a ƙwayar da ke cikin zagayen rabuwa kawai. In aka rina shi, a lafiyayyar fata yana fitowa a hawan ƙasa-ƙasa. A fatar da ta fara ɓaci sai a gan shi har sama, inda ya kamata a ce ƙwayoyi sun yi ritaya. Sannan a duba ko sun fasa iyakar da ta raba fata da nama, don wannan fasawar ita ce sankara sosai.

Tazarar da ke tsakanin zuwa da wuri da zuwa a makare ba ƙarama ba ce. A alƙaluman Amurka, sama da 80 cikin 100 na waɗanda aka gano ciwonsu bai bar wurinsa ba suna raye bayan shekara biyar. In ya kai sassa masu nisa, ba sa kai rabi. A Kerala ta Indiya, ma'aikatan lafiya da aka horar sun riƙa duba bakin mutane da ido da haske kawai, kuma a sakamakon da aka buga a 2005 mace-macen sankarar baki ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu taba ko giya. Tocilan ne da safar hannu da minti biyar. Babu ɗakin shan magani a Gwadabawa ko Tambuwal da wannan ya fi ƙarfinsa.

Saurin rabuwa yana bin mara lafiya har ɗakin magani. Kemo, wato maganin sankara da ake sa wa a jini, da gashin da ake yi wa ciwon da na'ura suna kai hari kan ƙwayoyi masu rabuwa, ba sa tambayar wace ce ta ciwo wace ce ta lafiya, don haka fatar baki na cikin na farkon shan wuya. Gasa sankarar kai da wuya yakan ɗauki mako shida zuwa bakwai, kwana biyar kowane mako. Wajen mako na biyu zuwa na uku baki ya saɓule, haɗiyar kunu ma ta zama aiki, dangi su ce maganin ne zai kashe shi, a bari ya huta. A daidai wannan gaɓa ce ciwon ke sauya taku. Wani masanin gasa sankara, Rodney Withers, da abokan aikinsa sun nuna a 1988 cewa wajen mako na huɗu ƙwayoyin sankarar da suka tsira suna ƙara saurin rabuwa don cike gurbin waɗanda aka kashe, irin martanin da lafiyayyar fata ke mayar wa rauni. Kowace ranar da aka tsallake tana mayar musu da wani ɓangare na abin da aka ƙwace, kuma nazarin da ya biyo baya ya nuna hutun mako guda kan cinye kashi 10 ko fiye cikin 100 na damar shawo kan ciwon a wurinsa. Bakin da ya saɓule kuwa yana komawa cikin makonni bayan an gama. Don haka iyalin da za su kawo mara lafiya daga Isa ko Illela ko Ƙonni, kafin ranar farko ake zama a yi lissafin kuɗin mako bakwai gaba ɗaya, da masauki kusa da asibiti, da wanda zai riƙa dama masa abinci mai ruwa-ruwa, da zuwa wurin likitan haƙori a cire ruɓaɓɓun haƙora tun ba a kunna na'ura ba, domin muƙamuƙin da aka gasa ba ya warkewa da sauƙi in aka cire haƙori daga baya.